Amsar Wasiƙunku: Kayan Barcin Yara Da Haɗarin Wuta

A wannan mako mun ware wasiƙu 3 waɗanda duk suka faɗo kan magana guda, watau tufafin yara da wuta, don haka sai muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Wasiƙa ta farko ta zo mana daga wani Alhaji mai sayar da gwanjo a Jibiya, wanda ke cin kasuwannin ƙauye. Ya ce ya fasa dilar kayan yara sai ya tarar da riguna da wanduna masu laushi irin na barci, da yawansu da jan rubutu na Turanci a wuya. Ɗansa da ke makaranta ya karanta masa, ya ce wai ma'anarsa a nisanta su da wuta. Daga baya kuma ya ji ana cewa a Amurka hukuma kan kwashe irin waɗannan kaya daga kasuwa. Alhaji ya ce rabin jarinsa na cikin wannan dila, amma ba ya son ya zama sanadin ƙonewar ɗan wani. Shin ya sayar ne, ko ya zubar?

Wasiƙa ta biyu daga wani manomi ce a yankin Tasawa cikin Jamhuriyar Nijar. Shi kuma cewa ya yi ya daɗe yana jin wai Turawa na zuba guba cikin kayan barcin yara su aiko ƙasashenmu, yana son a gaya masa gaskiyar wannan zance.

Ta uku kuwa wata baiwar Allah ce daga Ringim. Ta ce bara da hunturu wuta ta kama rigar 'yar maƙwabciyarta a bakin murhu, aka fasa ƙwai aka shafa mata, aka kuma sa man shanu, amma ciwon ya ruɓe sai da aka kwana da yawa a asibiti. Tana tambaya, me ya kamata a yi da wuta ta kama jikin yaro?

To, mun gode muku duka. Bari mu fara da kai, Alhaji.

Asalin jan rubutun

Wannan magana ta samo asali ne daga Amurka da Ingila, ƙasashe masu tsananin sanyi inda a da kusan kowane gida ke da wurin hura wuta ko abin ɗumama ɗaki. A can al'ada ce yaro ya cire kayan yini ya sa na barci tun da magariba, kuma da safe yana iya yin awa ɗaya ko biyu da su a jiki yana kai da kawowa kusa da wuta, a daidai lokacin da iyaye ke barci ko hankalinsu na wani wuri. Shi ya sa haɗarin ya fi faɗawa kan kayan barci.

Cikin shekarun 1940 a Amurka an yi yayin wani wandon wasa na yara irin na makiyayan shanunsu, wanda aka yi da wani yadi mai gashi-gashi da ake kira rayon, ana sarrafa shi daga itace. Da tartsatsi ya taɓa shi sai wuta ta bi gashin nan cikin ƙiftawar ido, yara suka ƙone, wasu suka mutu. A farkon shekarun 1950 kuma aka sake samun rigunan sanyi na irin wannan yadi masu tashi kamar an zuba musu fetur. Wannan ne ya sa majalisar dokokin ƙasar ta kafa doka a 1953 ta hana sayar da tufafin da ke saurin kama wuta fiye da kima.

Sai dai dokar ba ta wadatar wajen yara ba. Saboda haka a 1971 aka fitar da ƙa'ida ta musamman kan kayan barcin ƙananan yara, ta fara aiki a 1972, sa'an nan a 1975 aka faɗaɗa ta zuwa na manyan yara. A 1972 ɗin nan ne kuma aka kafa hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, wadda ake kira CPSC a taƙaice, aikin lura da wannan ƙa'ida ya koma hannunta.

Ga yadda gwajin yake, don ku ga ba da ka ake yi ba. Ana yanko ƙyalle mai faɗin inci 3 da rabi, tsawon inci 10, har guda 5. A rataye kowanne a tsaye, a kanga masa harshen wuta a gindi na daƙiƙa 3 kacal, a janye. Sai a auna inda wuta ta ci. In aka haɗa aka raba, kada ƙunar ta wuce inci 7, kuma ko ɗaya daga cikinsu kada ya cinye gaba ɗaya. Har ila yau sai yadin ya ci wannan jarrabawa bayan an wanke shi sau 50.

A Ingila kuwa an lura 'yan mata sun fi maza ƙonewa, saboda doguwar rigar barci mai faɗi da suke sawa, wadda bakinta kan lashi wuta ba su sani ba. Aka yi doka kan rigunan barcin yara mata a 1964, aka sabunta ta a 1985. A ƙarƙashin wannan doka, doguwar rigar barci ta yara dole ta ci gwajin wuta. Riga da wando na barci kuwa, in ba su ci gwajin ba, tilas a liƙa musu gargaɗi da jan rubutu mai cewa KEEP AWAY FROM FIRE. To Alhaji, shi ne rubutun da ka gani, kuma ɗanka ya fassara maka daidai, Allah ya yi masa albarka.

Abin da za ka riƙe shi ne, jan rubutun nan gargaɗi ne, ba alamar an haramta kayan ba ce. A kantunan Ingila ma da shi ake sayar da su sababbi. Kuma in don kama wuta ne, atamfa da shadda da yadin da muke ɗinka wa yaranmu su ma suna kamawa, bambancin kawai su ba wanda ya rubuta musu komai a wuya.

Mene ne janye kaya daga kasuwa?

Janye kaya wani abu ne daban. Idan hukuma ta gwada wani samfuri ta ga bai cika ƙa'ida ba, ko aka kai ƙara cewa ya cuci wani, sai a yi sanarwa da sunan kamfanin, da hoton kayan, da lambar da ke jikinsu, da lokacin da aka sayar da su. A umarci kantuna su daina sayarwa, a gaya wa iyaye su cire wa yara nan take, kamfani kuma ya mayar musu da kuɗinsu. Sau da yawa akan ce mai kaya ya sa almakashi ya datsa rigar biyu, ya ɗauki hoto ya aika, kafin a biya shi, don kada ta sake komawa jikin wani yaro.

Wannan abu ba ya wuce shekara ba a yi shi ba a Amurka, kuma da yawan kayan da ake janyewa a 'yan shekarun nan masu araha ne da aka shigo da su daga waje aka sayar ta intanet. Alal misali, a watan Yuli na 2024 hukumar CPSC ta yanke cewa kamfanin Amazon ne ke da alhakin janye kaya fiye da 400,000 da wasu 'yan kasuwa suka sayar ta hanyarsa, ciki har da kayan barcin yara da suka faɗi gwajin wuta. Kamfanin bai amince ba, ya garzaya kotu a 2025. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma suna da nasu tsarin mai suna Safety Gate, inda kowane mako ake jera kayan da aka samu da haɗari.

To shin kayan da aka janye na iya faɗowa cikin dilarka? Wata doka da Amurka ta yi a 2008 ta hana sayar da kayan da aka janye, ko da a shagon kwance ne, ta kuma hana fitar da su waje don sayarwa. Amma ka san ba kowace uwa ce ke jin sanarwa ba. Wata yaronta ya girma, ta tattara tsofaffin kayansa ta ba da sadaka, masu tantancewa su ware su ɗaure dila bisa nauyi da kyan kaya, ba wanda zai tsaya duba lambar kowace riga. Daga nan sai jirgin ruwa, sai Kwatano ko Lome, sai Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, sai rumfarka. Ke nan yana iya faruwa jifa-jifa, amma ba shi ne yawancin abin da ke cikin dila ba.

Idan ka ci karo da riguna da yawa iri ɗaya, sababbi fil da takardunsu, cikin dilar gwanjo ko a hannun wani mai neman kai da su da araha, nan ne wurin tsayawa. Ka sa ɗanka ya duba sunan kamfanin da lambar da ke wuya a jerin sanarwar waɗancan hukumomi, ana samunsu a waya kyauta har da hotuna. In ka tarar suna ciki, kada ka sayar a matsayin tufafi. Maganar mayar da kuɗi dai ka cire rai, ba za ta iso Jibiya ba, amma asarar riga goma ta fi alhakin rai ɗaya sauƙi. A Nijeriya ana iya sanar da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Wata magana da ta fi shafarmu

Yanzu ga inda nake son iyaye mata su kasa kunne sosai. A 1996 Amurka ta sassauta ƙa'idarta. Aka ce kayan jarirai 'yan wata 9 zuwa ƙasa, da kuma kayan barci masu kama jiki tsam, ba sai sun ci gwajin wuta ba. Dalili shi ne wuta na bukatar iska. Rigar da ta lafe a jiki ba ta da iska a ƙarƙashinta, kuma ba ta da baki mai lilo da zai kai wa wuta ziyara. Riga mai faɗi kuwa iska na shiga ta ƙasa ta fita ta wuya, wuta ta bi ta haura sama kamar yadda take bin zana. Irin waɗannan kaya masu kama jiki, yawanci na auduga, za ku ga an rubuta musu WEAR SNUG-FITTING, NOT FLAME RESISTANT a wuya, ma'ana a sa su daidai jiki, ba su da kariya daga wuta.

To mu kuma me muke yi? Uwa ta je kasuwa, yaronta ɗan shekara 3 ne, sai ta zaɓi ta ɗan shekara 6, ta ce ai ya girma da ita. Ba laifinta ba ne, kuɗi ne babu. Amma da yin haka kariyar nan ɗaya tilo da rigar ke da ita ta tafi, hannu ya zarce yatsu yana reto, ƙafar wando na jan ƙasa. Daɗin daɗawa, mu nan ba barci kaɗai ake yi da su ba. Da hunturu yaro da su zai wuni, da su zai tsuguna a bakin murhu da asuba yana jiran ɗumame. In dole sai an sayi babba, to a kai wa tela ya rage hannu da ƙafa, ko a naɗe a ɗinke da zare da allura, in yaro ya ƙara tsawo a warware.

Sai kuma sanin yadi, wanda ku 'yan kasuwa kun fi mu. Auduga da rayon suna saurin kamawa, kuma su ci gaba da ci, musamman in yadin shara-shara ne ko mai gashi-gashi a baya. Yadin roba irin su nailan da foliyesta ba su cika saurin kamawa ba, sukan tsuke su guje wa wuta, amma in sun narke sai su manne wa fata kamar ƙonanniyar leda, ƙunar ta yi zurfi. Wanda aka gauraya auduga da roba yakan haɗa sharrin biyu, audugar ta riƙe wuta, robar ta narke. Rigunan sanyi masu kama da ulu amma na roba ne, su ma suna ci sosai. Ulu na gaskiya, na gashin tumaki, shi ya fi wuyar kamawa, sau da yawa ma yakan mutu da kansa.

Mai son ya gane irin yadi sai ya zare 'yan zaruruwa daga cikin ɗinki, ya fita fili, ya ajiye ruwa kusa, ya kanga musu ashana. Auduga warin ƙonanniyar takarda take yi ta bar toka mai laushi. Roba takan dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Ulu warin ƙonannen gashi. Wannan aikin babba ne, ba a gaban yara ba, kuma irin yadin kawai zai nuna maka, ba zai maye gurbin gwajin hukuma ba. Ko rigar da aka rubuta wa FLAME RESISTANT, abin nufi wuta ba ta saurin cin ta, ba wai ba ta ƙonewa ba ne.

Saboda haka Alhaji, amsarka a taƙaice: ka sayar da kayanka, ban da wanda ka tabbatar an janye. Amma ka ware dogayen riguna shara-shara da masu gashi-gashi, kada ka tallata su a matsayin kayan sanyin yara ƙanana. Kuma duk wadda ta zo saye ka gaya mata abin da jan rubutun ke cewa, ka ba ta daidai jikin ɗanta. Magana ce ta daƙiƙa goma, ba za ta kore maka ciniki ba, sai ma ta jawo maka amana.

Zancen guba

Malam na Tasawa, zancen da ka ji yana da tushe, sai dai ya tsufa kuma an yi masa ƙari a hanya. Bayan ƙa'idar 1972 ta fara aiki, kamfanoni da yawa a Amurka suka riƙa jiƙa yadin kayan barci da wani sinadari mai suna Tris don ya hana wuta ci. Ba don cutar da kowa aka sa shi ba, 'ya'yansu ne ma suka fara sawa, miliyoyinsu. A farkon 1977 wasu masana biyu na jami'ar Kalifoniya, Arlene Blum da Bruce Ames, suka wallafa bincike da ke nuna sinadarin na iya jawo ciwon daji. A watan Afrilu na 1977 hukumar CPSC ta haramta shi a kayan yara. Wani bincike na 1978 ya gano burbushinsa a fitsarin yaran da suka kwana da irin waɗannan kaya, watau yana ratsa fata.

Inda abin ya yi muni shi ne, da aka hana sayarwa a gida, sai wasu 'yan kasuwa suka kwashe abin da ya rage a hannunsu suka kai ƙasashen waje da araha. An ƙiyasta kimanin guda miliyan 2 da dubu 400 ne suka fita kafin hukumar ta toshe wannan ƙofa a 1978. Abin ya jawo surutu ƙwarai, har a watan Janairu na 1981 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan umarnin taƙaita fitar da kayan da aka haramta a gida, amma wanda ya gaje shi, Ronald Reagan, ya soke umarnin a wata mai bi masa.

To ka ji asalin maganar. Amma yau kusan shekara 50 ke nan, waɗancan kaya sun daɗe da zama tsumma. Yawancin kayan barcin yara na Amurka a yanzu ko dai foliyesta ne wanda ke cin gwajin ba tare da an jiƙa shi da komai ba, ko auduga mai kama jiki. Darasin da ya rage mana shi ne, abin da aka kora daga wata kasuwa yakan nemi kasuwar da ba mai tsaro, don haka kayan da arahar su ta wuce hankali a tambayi dalili. Kuma kowane tufafi, sabo ko gwanjo, a wanke shi a shanya a rana kafin a sa wa yaro.

In wuta ta kama

Sai ke baiwar Allah ta Ringim, Allah ya ƙara wa yarinyar nan lafiya. Tambayarki ta fi kowace nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kimanin 180,000 ne ƙuna ke kashewa duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka suna mutuwa da ƙuna fiye da ninki biyu na takwarorinsu a duniya baki ɗaya.

Abu na farko, kada yaro ya ruga. Gudu fifita ne ga wuta. A kama shi a kwantar da shi ƙasa, domin wuta sama take yi, in yana tsaye fuska za ta nufa. A mirgina shi, a sheƙa masa ruwa in yana kusa, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri ko buhun algarara, a fara daga wuya a yi ƙasa. Kada a yi amfani da buhun leda, ko tabarmar roba, ko mayafi na roba, narkewa za su yi a jikinsa. Ku koya wa yara wannan tun yau kamar wasa a tsakar gida: tsaya, kwanta, rufe fuska da hannu, mirgina.

Abu na biyu, ruwa. Da wuta ta mutu, zafin na nan yana ci gaba da dafa nama. A riƙa kwarara ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin har minti 20 cur. Ruwan randa ya isa, ruwan rijiya ko na burtsatse ya isa. Ban da ƙanƙara, ita ma ƙona fata take yi. Ko an makara, in ba a wuce awa 3 ba ruwan zai yi amfani. Wurin ƙunar kaɗai ake sanyayawa, sauran jikin a rufe shi, don ƙaramin yaro na saurin ɗaukar sanyi, balle da hunturu.

Abu na uku, a cire awarwaro da zobe da guru da duk abin da ya zagaye gaɓa kafin wurin ya kumbura. A cire tufafin, amma wanda ya manne a fata kada a fizge, a yanke kewayensa a bar shi. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ba auduga ba.

Abu na huɗu, kuma a nan nake roƙon iyayenmu da kakanninmu su yi mana haƙuri: kada a shafa komai. Ban da ƙwai, ban da man shanu, ban da manja, ban da baƙin mai, ban da man goge baki, ban da gishiri, toka, ƙullu ko kashin shanu. Mai yana tsare zafi a ciki, sauran kuma ƙwayoyin cuta suke kaiwa cikin raunin da ba shi da fatar da za ta kare shi. Kashin shanu da ƙasa na iya jawo ciwon sandarewar jiki mai kisa. A asibiti ma sai an kankare duk abin da aka shafa kafin a fara magani, azaba biyu ke nan ga yaro.

Abu na biyar, asibiti. Tafin hannun yaro haɗe da yatsunsa kusan kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. In ƙunar ta fi tafin hannunsa girma, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaba ko mahaɗar gaɓa, ko wurin ya yi fari ko baƙi kuma ba ya jin zafi, ko jariri ne, ko ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dishe, to a tafi a ranar, kada a jira gobe. In ta kai tafi 10, rai na cikin haɗari saboda ruwan jiki da ke tsiyaya. A kan hanya, in yana cikin hayyacinsa, a riƙa ba shi nono ko ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan.

Kafin mu rufe

Turawa sun gyara rigar ne saboda a nan suka ga ƙofar haɗari. Mu kuwa da ba mu da ikon gwada kowane yadi, sai mu gyara wajen wutar. A yi wa murhu ɗan shinge na laka, kada a bar mai rarrafe shi kaɗai kusa da shi ko na ɗan shiga ɗaki a fito. Kaskon gawayi kada a kwana da shi a ɗaki rufe, ban da gobara hayaƙinsa marar wari na kashe mutane cikin barci. Kaskon turaren wuta a ɗauke shi daga ƙasa in akwai yara. Aci-balbal da kyandir da maganin sauro na kunnawa a nisanta su daga gidan sauro da katifar soso da labule, wanda ya samu hali ya koma cocila ko fitila mai aiki da hasken rana. Kada a zuba wa fitila ko risho kananzir suna ci, a kuma yi hattara da kananzir da aka gauraya da fetur. Masu ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana, don Allah a fitar da ita yau. Ashana a sa ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. 'Yan mata masu taya girki a ɗaure musu zani sosai, a cire dogon hijabi kafin a sunkuya kan tukunya. Malamanmu na allo su ma a lura da ƙananan almajirai a gefen wutar kara. Kowane gida kuma ya kwana da bokitin ruwa da na yashi a wurin da kowa ya sani, domin motar kashe gobara ba ta isa ƙauye da wuri.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wasu sun rasa 'ya'yansu kafin a rubuta ɗan jan rubutun nan da Alhaji ya gani, mu kuma ya zo mana kyauta cikin dila, saura mu yi aiki da shi.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman matan da ke cikin gida. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku, ku rubuta sunan garinku sosai yadda za mu iya karantawa. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu daga sharrin wuta, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.